Jirgin Baba a Cikin Daron Inna

Shekaranjiya aka ɗauke mana wuta tun la'asar, na ce wa jikata ta je kasuwa ta nemo min aci-balbal. Yarinyar nan ta tsaya tana kallona sai ka ce wani yare na yi mata. Ta je ta dawo da wata 'yar fitilar roba mai caji, wai ta zaga kasuwar Jibiya kaf babu mai ita, wani ma dariya ya yi, ya ce ta gaida kakar tata. To, ina amsawa. Amma wallahi abin ya tsaya min a rai, don ni da aci-balbal aka ci da ni, da ita aka tufatar da ni. Ubana maƙerin gwangwani ne. Yanka gwangwanin madara yake yi, ya naɗe, ya liƙe da dalma, ya yi masa wuya da hanyar lagwani, ya zama fitila. A zamanin nan daga mai tsire zuwa mai shayi zuwa tsohuwa mai kaɗi, kowa da fitilar Baba yake gani.

Yanzu ƙarar babur ke tashin mutum da safe. Mu kuwa 'yar gudumar Baba ke tashinmu, ƙwas-ƙwas-ƙwas daga zaure, ga lugude daga maƙwabta, ga jakuna suna wucewa zuwa gulbi. Ni ce ta uku a gidanmu, sunan mahaifiyar Baba aka sa min, don haka ba ya kiran sunana, sai dai "Uwata". Yayyena maza sun tafi karatu, sai aikin zaure ya faɗo kaina ina 'yar shekara goma ko ɗan fiye. Ni ke zagaya masu shayi a bakin iyaka in tsinto gwangwanaye, in dirje su da toka da yashi. In ya gama liƙi, ni ke gwaji: in tsoma fitila a ƙwarya, in hura ta wuyanta, in duba ko kumfa za ta taso. In ta taso, akwai ɓula, a koma wuta. In ba ta taso ba, Baba ya karɓa ya kakkaɓe, ya jera a kan katanga rana ta gasa su har la'asar. A nan ne ba ya wasa ko kaɗan. Ɗigo ɗaya na ruwa in ya saura a cikin aci-balbal, sai ta yi ta tartsatsi tana mutuwa, mai saye ya dawo yana zagi. Kullum abin da yake faɗa min ke nan: "Uwata, ruwa da wuta ba su kwana ɗaki ɗaya." Ruwan ma ba arha ba ne a lokacin. Ba a yi dam ba tukuna, da rani sai mun tona yashin gulbi kafin mu cika tulu.

Sai kuɗin man fetur ya fashe a ƙasa. Kai, wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane ba. Manyan motoci suka riƙa jeruwa a bakin iyaka daga nan har inda ido ya ƙare, masu shiga Maraɗi da masu fitowa. Rediyo a kafaɗar kowane saurayi, agogo a hannun wanda bai san ƙarfe nawa ba. Fitilar ƙwai da tocila suka cika kasuwa, har tsohuwa mai kaɗi ta ce aci-balbal na sa mata hayaƙi a ido, ita da ta shekara arba'in ba ta ga hayaƙin ba. Ranar kasuwa in ɗauki fitilu a faranti in yini ina zagaye, in dawo da su kamar yadda na fita. Gudumar Baba ta fara makara da safe, daga baya ma sai ta yini shiru. Maza kuwa suka dinga bin motoci zuwa Ikko. Baban ƙawata ta maƙwabta ya tafi gadi da cewa wata shida zai yi. Shekara biyu sai rediyo ya aiko, shi bai zo ba, kuma bai ƙara zuwa ba. Ni wannan na sani game da Ikko: gari ne da ke haɗiye uban mutum.

Baba yana da aboki, wani direban babbar mota mutumin Maraɗi, muna ce masa Baba Direba. Ƙato ne mai fara'a, in ya yi dariya har kaji sai sun watse. Duk sanda ya tsaya a iyaka ana duba takardunsa, a zaurenmu yake shan fura. Ran nan ya zo ya tarar da Baba zaune, wuta a mace, fitilu jibge a kusurwa. Ina tsugune ina dirzar gwangwani, ina jin su.

Ya ce, "Maƙeri, ka bar wagga wahala. Na samo maka gadi Ikko, gidan wani babban mutum. Zamnawa kawai za ka yi bakin ƙyaure. Zamani riga ne, aikin hannu ya ƙare." Sai ya zura hannu a aljihu ya ciro wani ɗan jirgin ruwa na gwangwani, bai fi tafin hannu ba, duk ya ƙone ya yi baƙi. "Dubi abin da Nasara ka yi ma yara. Da idona na gane shi cikin daro a kasuwa, buji ɗaya anka kunna mai, shina gudu shina ƙara kamar injin niƙa. Na saye ma ɗana, na kunna, ya narke. Ko lalatarsa ta fi ƙarfin maƙeranmu."

Shi kyandir yake ce wa buji, irin maganarsu ta can. Baba ya karɓi abin ya juya shi, ya sake juyawa. Ya sa ɗan ƙarfe ya ɓanɓare shi. Babu inji, babu komai, sai wata 'yar tukunya shafaffiya kamar gidan ashana, da siraran bututu biyu da suka fito daga cikinta suka bi ƙasa suka ɓulla ta bayan jirgin, sai ɗan cokali na ɗora kyandir a ƙarƙashin tukunyar. Baba ya ajiye shi a gabansa. Can ya ce, "Yaushe za ka sake biyowa?" Baba Direba ya ce bayan kasuwa uku. Baba ya ce, "To bar min wannan da kyandir ɗinka. In na ƙera irinsa ya yi tafiya, hannuna bai mutu ba, ina nan gidana. In ya ƙi, ka aje min wuri a motarka." Baba Direba ya yi dariya ya ce ya yarda. Ni kuwa ban yi dariya ba, don na san ubana: in ya faɗi magana, ko za a mutu ba ya janye ta.

Washegari guduma ta tashe mu tun kafin rana ta fito, har Inna, wato mahaifiyata, ta ce alhamdu lillahi, gida ya dawo gida. Ban taɓa ganin Baba ya yi aiki da natsuwa irin ta kwanakin nan ba. Ya yanka gwangwanin kifi ya yi jikin jirgi, ya fiƙe masa hanci. Bututun nan ne suka ba shi wuya. Sai da ya samo wayar ƙafar keke, ya naɗe siririn gwangwani a kanta, ya bi da dalma a hankali, sannan ya zare wayar. Murfin tukunya kuwa ya yi ta bugunsa har ya yi laushi, in ka danna da yatsa ya ce ƙwal ya dawo. Ni ina zuga wuta, ina miƙo almakashi, ina ta addu'a a zuci. Da ya gama ya ce, "Uwata, gwada." Na tsoma, na toshe bututu ɗaya da yatsa, na hura ɗayan. Ko kumfa ɗaya. Ya karɓa ya kakkaɓe, ya kai kan katanga ya shanya, har da kara shi kusa da garwashi don kada laima ta ɓuya a ciki.

Da la'asar aka fito da babban daron Inna na wanki, aka juye masa tulu biyu, tana ta mita wai ruwan da aka tono da farce za a yi wasan yara da shi. Baba ya yanki guntun kyandir, ya yi bismilla ya kunna. Muka zuba ido. Jirgi yana nan kamar an dasa shi. Can sai wari ya tashi, dalma ta narke, tukunya ta wangale baki. Baba ya ce, "Liƙin ne bai kama ba." Ya yi na biyu, ya ƙara dalma, shi ma ya narke. Ya yi na uku da tukunya mai kauri, wannan bai ko yi motsi ba sai da ya yi baƙi ƙirin. Kasuwa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. Mutanen majalisar ƙofar gida suka samu abin yi. Wani in zai wuce sai ya leƙo ya ce, "Maƙeri, yaushe jirgi zai tashi? A aje min kujera, Makka za ni!" Baba ya yi murmushi kawai, amma ina ganin tuwonsa yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Yaran yanzu abin wasa in ya ƙi, jefar da shi suke yi a sayo wani. Mu namu abin wasan, ubanmu ne a cikinsa.

Ana saura kwana uku motar ta biyo, ya gama na huɗu. Na gwada ke nan aka yi sallama, an yi rasuwa a unguwa, ya sa hula ya fita bai shanya ba. Ƙanena, ɗan shekara biyar, fitinanne na ƙarshe, ya maƙale min wai sai shi ma ya hura. Na ba shi don ya rabu da ni. Shashashan, maimakon ya hura sai ya zuƙa. Ruwa ya bi bututu ɗaya ya cika tukunya ya fito ta ɗayan ya shige masa maƙogwaro, ya ƙware yana tari yana kuka. Don in rufe masa baki kafin Inna ta ji, na ce ya yi shiru in kunna masa. Na ɗora jirgi a ragowar ruwan daro, na ɗauki guntun kyandir na Baba, abin da aka hana ni taɓawa, na kunna da garwashi da tsinke. Ban sa ran komai ba. Sai na ji taf. Sai taf, taf. Sai taf-taf-taf-taf, jirgi ya girgiza, ya ja jiki ya nufi gefen daro! Innalillahi! Tsoro ya kama ni, na hure wutar da sauri, na tsame shi na mayar inda yake, na ce wa ƙanena in ya faɗa sai dodo ya cinye shi.

Baba ya dawo, ya kakkaɓe jirgi, ya shanya, ya kara a garwashi kamar kullum. Da yamma ya kunna. Ina tsaye ina kallo dalma ta narke. A nan na gane, ruwan da yake kora shi ne ran abin. Amma ta yaya zan faɗa masa? Yau yaro yana iya gyara wa ubansa magana a gaban baƙi, a ce wayewa ce. Mu a lokacinmu, 'ya mace ta ce wa maƙeri dokar da ya gada wurin ubansa ita ce kuskurensa, bayan ta taɓa masa kaya ba izini? Ina! Na bi Inna madafa ina kuka na faɗa mata komai. Ta tsaya da muciya a hannu ta ce, "Kin tabbata?" Na rantse. Ta ce, "Ni in na faɗa masa, cewa zai yi don kada ya tafi nake neman ya ɓata aikinsa, ba zai ko gwada ba. Ke kuma ba ki isa ba." Ta ci gaba da tuƙi. Can, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Amma dai ke ke ɗauko masa kaya daga katanga, ko? Randa kuma a kan hanya take."

Na biyar ya ƙera, ya ce shi ne na ƙarshe, kuma bai kunna ba sai ranar tafiya, don abokinsa ya zama shaida. Tun safe ya ɗaure kayansa, tabarma da bargo da buta. Kayan ƙira ya zuba a buhu, ya ce a kai wa wani ɗan'uwansa maƙeri a garin Riko. Inna ta dama fura ta hanya, idonta jawur, tana cewa hayaƙi ne. Bayan azahar motar Baba Direba ta tsaya a bakin titi, ya shigo yana cewa a yi sauri, an sallame shi, rana na yi. 'Yan majalisa suka cika zaure, yara suka toshe ƙofa. Aka kawo daro. Baba ya ce, "Uwata, ɗauko."

Na shiga cikin gida. Jirgin ya sha rana har yana ƙona hannu. Na tsaya a randa na kurɓi ruwa na cika kumatu, na sa bututu ɗaya a baki na tura a hankali har na ga ya tsarto ta ɗayan. Na toshe bakunan da yatsu biyu, na goge jikinsa da zanena, na fito. Ban miƙa wa Baba ba, na durƙusa na ɗora shi a ruwa da kaina, kamar ladabi ne ya sa. Baba ya kunna guntun kyandir, ya tura shi ƙarƙashin tukunya, ya ja da baya ya naɗe hannu. Kowa ya zuba wa daro ido. Wani ya yi gyaran murya. Baba Direba ya dubi agogonsa.

Taf. Taf, taf. Sai ga shi ya kama, taf-taf-taf-taf, ya yanki ruwa, ya bugi gefen daro, ya karkata ya shiga zagaye, 'yar wutarsa na kaɗawa! Yara suka kwashe da ihu. Mai neman kujerar Makka ya yi ta salati yana riƙe da haɓa. Baba Direba ya cire hula ya buga a gwiwa yana cewa, "Wallahi shi ne! Hakanan shika yi! Maƙeri, kai aljani ne!" Inna, da ba ta taɓa leƙo zaure da maza a ciki ba, na ji guɗarta daga bayan ƙofa. Baba kuwa ya matso bakin daro. Ya tsuguna yana bin jirgin da ido, zagaye bayan zagaye, har kyandir ya cinye.

Sannan ya sa hannu ya tsamo shi. Ya ɗaga hancinsa sama, sai ruwa mai ɗumi ya zubo daga bututun ya sauka a tafinsa, ba ɗigo ɗaya ba, ba biyu ba. Ya dubi tafin nan ya daɗe. Ya ɗago ya dube ni. Gaban rigata a jiƙe yake sharkaf, ni ban ma lura ba. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya, don a ganina na yi laifi biyu, na karya masa doka, kuma na yi masa wayo a gaban mutane.

Baba Direba ya ce, "To yanzu fa? In tahi?"

Baba ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ka sha furar nan da aka dama min, kada ta lalace. In za ka dawo ka riƙo min kyandir da yawa."

Da mutane suka watse ya kwance buhu, ya fiddo guduma da almakashi ya mayar da kowanne mazauninsa. Ina raɓe a jikin bango. Bai juyo ba ya ce, "Uwata." Na ce, "Na'am, Baba." Ya ce, "Ta wane bututun ake zubawa?" Na ce, "Ko wanne, Baba, sai ya fito ta ɗayan." Ya gyaɗa kai ya ce, "To. Gobe ki yi sammako wurin masu shayi, gwangwani za mu buƙata." Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan, ni da shi, har ya bar duniya.

Ba zan yi ƙarya in ce jirgi ya yi mana arziki ba. Sallah biyu muka yi ana rububinsa, direbobi suna saya suna ƙetarawa da shi Maraɗi, kowane lungu ka bi sai taf-taf a cikin kwano, iyaye mata suna tsine wa mai ɓarnar ruwa. Daga nan kayan roba suka zo suka kashe kasuwarsa, kamar yadda aka kashe ta fitila. Amma kafin nan hannun Baba ya riga ya warware. Ya koma ƙera mazurari da gwangwanin awo ga masu sayar da fetur a bakin iyaka, da wannan muka ci tuwo shekara da shekaru. Wurin da aka aje masa a mota wani maƙwabcinmu ne ya hau, ya bar 'ya'ya huɗu, sau ɗaya suka ƙara ganinsa.

Ni kuwa na yi ƙuruciyata da ubana a zaure. Ya ga aurena, shi ya yi min faɗa ranar da za a kai ni. Shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba a kunne. Da tsufa ya kama shi, ni na riƙa dama masa kunu ina ba shi a baki. A ɗakinsa ya cika, kansa a kan cinyata, ba a ƙofar gidan wani a Ikko ba. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan Inna. Har yau ina kewarsu, ni da na tsufa na zubar da haƙora.